Garaniyar Gidan Duktur

Tun da kuka zauna nake sauraronku. Wai ku uku za ku haɗa kai ku fara aikin lambu a gidajen unguwar Awali, tunda ba wani abu ba ne, riƙe tiyo ne da murɗa famfo. To madalla. Ni ma da wani ya gaya mini haka tun da wuri, da ban ƙarar da gwiwoyina shekara talatin da ɗoriya a kansa ba. Ku matso kusa. Da Hausa zan yi, wanda Larabci ya cinye wa harshe ya tambayi na kusa da shi.

Aikina na farko a garin nan tsintar duwatsu ne. Na zo aikin Hajji daga wajen Kadawa, inda nake noman tumatir da albasa, jirginmu ya tashi ni ban tashi ba. Muna kwana mu bakwai a ɗaki ɗaya a Jarwal, sai aka haɗa ni da wani tsoho, Baba Abakar, wanda iyayensa suka zo da shi a ƙafa ta Chadi da Sudan. Shi ke kula da lambunan gidaje huɗu. Ranar farko ya miƙo mini buhu ya ce in tsince duwatsun wani kwami. Na ce, Baba, ni fa manomi ne ɗan manomi. Sai ya duƙa ya ɗebo ƙasa a tafin hannu ya ce in lasa. Na lasa, na tofar. Gishiri!

"To manomi ɗan manomi," in ji shi, "nan garin dutse ne. Ƙasar ma a buhu ake sayo ta. Tsinci duwatsunka."

Shekara shida ina bayansa. Kayan aikinmu ba su cika jaka ɗaya ba: 'yar fartanya mai gajeren ƙota, almakashin rassa, wuƙa, da wata sandar ƙarfe da yake sokawa a ƙasa ya zare ya taɓa bakinta, ya san inda laima ta tsaya. Sauran kayan a jikinka suke, yatsa da harshe. Har yau ba na ba shuka ruwan da ban ɗanɗana ba. Ku da ko shayi sai kun tambayi wane kamfani ne, ban san yadda za ku yi da wannan ba.

Masu gidaje kuwa, Allah ya ba ku haƙuri da su. Akwai wadda za ta jira ka tafi, ta fito da tsakar rana ta ƙara wa furanni ruwa don tausayi, ta dafa su, gobe ta ce hannunka ba shi da albarka. Akwai wanda zai dasa dabino yau ya fara tambayar 'ya'ya kafin azumi. Wani Alhaji ya taɓa kira na in sare masa bishiyar da ta tsaga masa katanga. Na ɗaga gatari ke nan ya riƙe mini hannu, ya ce ya ji ana cewa ba a sare itacen Harami, malamai sun ce wanda mutum ya dasa ba laifi, amma dai in akwai zunubi a ciki nawa ne, shi kuɗin aiki kawai ya biya. Na ce na ji, na sare.

Amma aikin da nake so ku ji shi ne na gidan Duktur Hamza, wani likitan ƙashi a Awali. Ya yi karatu a wata ƙasa mai sanyi, kuma a ƙofar gidan da ya zauna can akwai wata bishiya da ta shiga ransa. Garaniya yake ce mata. Ya nuna mini hotonta: in lokacinta ya yi sai ta rufe kanta da fararen furanni, kowane fure kunne huɗu, bayan sun zube ta yi jajayen 'ya'ya masu ƙuraje a jiki, kamar ƙananan gwandar daji. Ya sa an kawo masa biyu a baya, duk sun mutu a hannun wasu. Ta uku ce na tarar a cikin baƙar roba, tsawonta iya ƙuguna, da 'yar takarda rataye a wuyanta.

Ya zagaya da ni bayan gida ya buɗe wani ɗaki mai banɗaki a ciki, da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki.

"Ya Amm Salihu," ya ce, "muddin bishiyar nan tana raye a gidan nan, ɗakin nan naka ne, kai da iyalinka."

Wanda aka haifa da takarda ba zai san nauyin maganar nan ba. Ni ba ni da iƙama, ban taɓa samu ba. Shekara ashirin ina yawo unguwa-unguwa da fartanya a jaka, duk motar da ta rage gudu a bayana sai in ce jawazat ne, masu kamen marasa takarda. Yau ga aiki a cikin katanga, ga wurin kwana a cikin katangar. Matata Rabi da ta ga ɗakin, kafin ta ajiye ƙullin kayanta sai da ta yi sujada.

Na dasa ta, kuma cikin wata guda na kusa kashe ta. Na ga wasu 'yan tururuwa a gindinta, na ce gara ce za ta biyo baya. Me muke yi a gida in muna tsoron gara? Toka. Na je wajen wani mutumin Sakkwato mai tsire na ciko leda biyu, na zagaye gindinta da ita har tudu, na ƙara da kashin tumaki daga kasuwar dabbobi ta Ka'akiyya, na koma gefe ina yaba kaina. Mako uku ganye ya koma rawaya, jijiyoyinsa kaɗai suka rage kore, bakinsa ya ƙone. Na tsinko ɗaya na nufi Jarwal.

Lokacin Baba Abakar ya daina fita aiki, idonsa ya yi rauni. Ya murza ganyen a yatsa, ya shinshina, ya ce me na ba ta. Da na ce toka, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Salihu, ka ɗauka dawa ce? Kai, mutanen Kano!"

Shi ya taɓa aiki a gonar wardi a kan dutsen Ɗa'if, ya ga itatuwan ƙasashen ruwa da sanyi. Ya ce irinsu ƙasa mai ɗan tsami suke so, toka kuwa a wurinsu kamar ka zuba wa jariri kanwa ne a nono. Ya ce in kwashe ta tas, in canza ƙasar sama, in riƙa ba ta ganyen shayin da aka gama dafawa da dusar gahawa da ruɓaɓɓen ganye. Sannan ya ce wane ruwa take sha. Na ce na wayit, tankar da ke kawo wa gidan ruwa. Ya ce in je in tari ruwan da ke ɗiga daga bayan mukayyif in ɗanɗana. Na je na ɗanɗana. Salam, ba gishiri ko kaɗan, kamar ruwan sama.

Daga ranar na zama mai farautar ɗigo. Mukayyif bakwai ne a gidan Duktur, kowanne da bokitinsa a ƙasa. Na roƙi masu gadin gidaje biyu na maƙwabta, su ma na jera musu. Mai shayin bakin titi ya san ni, da ya hango ni sai ya fara juye tukunya a leda. Na cire ta daga tsakiyar fili inda na sa ta da fari don girmamawa, na mayar da ita lungun arewa tsakanin gida da katanga, inda rana ba ta leƙowa sai da hantsi. Na kafa mata rumfar raga. Da azahar ba ita nake jiƙawa ba, katangar da daɓen nake fesawa, don su ne ke hura mata wuta. Ta farfaɗo. Da sanyi ya shigo ta zubar da ganye, matar Duktur ta ce ta mutu, na kankare ɓawon da farce na nuna mata kore a ciki. Na ce, Sitti, ko kukar garinmu haka take yi.

Ta rayu, ta ƙara tsawo, amma fure ko ɗaya. Shekara ta biyu shiru, ta uku shiru. Duk lokacin da ya kamata ta yi, Duktur zai fito da safe da finjalin gahawa a hannu, ya zagaya ta, ya leƙa kan rassa, ya ce, "Wala haja?" In ce, ba komai tukuna, Duktur, sai haƙuri.

Na koma wa Baba. Ya ce ita wannan sai ta sha sanyi na gaske, mai sa haƙora kaɗawa, ta yi barci mai nauyi wata biyu ko uku, sannan ta tashi da fure. Sanyin Makka kuwa ko bargo ba ya sa ka nema. Na ce sanyi ne kawai? Ai da sauƙi. Na je kasuwar kifi na samo sandunan ƙanƙara da suka gama amfani da su, na farfasa na jera mata a gindi kullum da asuba. Kwana tara na yi ina wannan. Abin da na samu shi ne caɓi, da ƙarni, da magunan unguwar gaba ɗaya zaune a kan katanga suna jiran a fito da kifin. Matar Duktur ta leƙo ta taga ta tambayi Rabi ko lafiyata ƙalau. Ku yi dariyarku, ni ma yanzu ina yi.

Da na ba Baba labari bai yi dariya ba a wannan karon. Ya ce, "Ba Duktur ɗin nan ne yake da wa mai gona a Hada ba?" Na ce shi ne. Hada kun san ta, can kan dutse a hanyar Ɗa'if, tafiyar awa ɗaya, inda rumman da wardi suke, inda hazo ke sauka har ƙasa. Ya ce, "To ka gaya masa ya kai ta can. A nan jinya kawai kake yi."

Ban gaya masa ba. Shekara guda cur na riƙe maganar nan a cikina, kuma ba wani dalili sai tsoro. In bishiya ta bar gidan, ɗaki ya bar hannuna. Na ce wa kaina ai tana raye, ai abin da aka ce ke nan, raye. Na ci gaba da jera bokitai.

Sai mummunar shekarar ta zo. Baba Abakar ya rasu kafin azumi, Allah ya jiƙansa, ba ni da sauran wanda zan kai wa ganye. Da zafi ya kama, Duktur ya kwashi iyalinsa suka yi tafiya ta wata biyu, aka kashe mukayyif ɗin gidan duka. Maƙwabtan nan biyu su ma suka tafi. Nawa na ɗaki kaɗai ke ɗiga, da ƙyar ya cika bokiti a yini. Iskar shekarar nan kuwa kamar an buɗe tanda, duwatsu su sha rana su riƙa amayar da ita har bayan la'asar. Na riƙa haɗa ɗigon da ruwan wayit, rabi da rabi, ina sane da abin da gishirin zai yi. Rabi ta daina wanke-wanke da ruwan jarka mai kyau ta bar mata. Duk da haka ganye ya soye tun daga sama, kan bishiyar ya bushe kamar kamu uku, ɓawon ya tsage ta wajen yamma. Wata safiya na tsaya a gabanta na ji kunya ta kama ni, kunya sosai.

Saura kwana biyu su dawo Rabi ta ce, "Malam, me za ka ce masa?"

Na ce zan ce za ta tashi. Kuma ba ƙarya ba ne, akwai toho a ƙasa-ƙasa, zan iya jan ta shekara biyu, wataƙila uku.

Ta ce, "Kai ka san aikinka. Ni dai na gaji da ganinka kullum kana shigowa kamar wanda ya dawo daga dubiya. In don ni ne, na zauna a ɗakin da ya fi wannan ƙunci ban mutu ba."

Duktur ya dawo, ko kaya bai sauke ba ya zagayo lungun. Ya daɗe yana kallonta. Ya ce, "Za ta tashi, ya Amm Salihu?"

Na ce, "Za ta tashi, amma ba a nan ba. A nan ba za ta taɓa yin fure ba, kuma wani zafin irin wannan zai ƙarasa ta. A kai ta gonar yayanka a Hada."

"Tun yaushe ka san haka?"

"Shekara guda."

"Me ya hana ka faɗa?"

Na nuna masa ɗakin da haɓa. Ya kalli ɗakin, ya kalle ni, ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa. Mutumin kirki ne, Allah ya saka masa. Ya ce to ai da sauƙi, in bi ta, yayansa zai ba ni ɗaki a gonar, ga iska ga ruwa. Na ce, Duktur, akwai shingen bincike a gindin dutsen. Fita wataƙila in fita, amma marar takarda irina in ya fita Makka ba ya dawowa, in ma ba a wuce da shi tarhil an mayar da shi ƙasarsu ba. Ni kuma ban baro Kadawa don in zauna a Hada ba. A shekaruna ina son Juma'ata a Harami, kuma ranar da aka ɗauki gawata ina so a bi da ni ta can. Ya ce, "Ɗayyib." Wato to, shi ke nan.

Ba a cire itace da ganye a kansa, wannan ku riƙe shi ko ba ku riƙe komai ba. Na jira wata huɗu har ta zubar da ɗan abin da ya rage mata. Na jiƙa ƙasar kwana biyu a jere. Na auna taku ɗaya da rabi daga gindi na zana da'ira, na fara haƙa daga waje ina shigowa. Saiwarta ba ta nitsewa, a sama take bazuwa, don haka ba a sa mata diga, da 'yar fartanya da yatsu ake bi. Duk saiwar da ta wuce da'irar na yanke ta da wuƙa mai kaifi, yanka ɗaya, ba a tsinke ta. Na naɗe ƙasar da jiƙaƙƙun buhuna, na ɗaure da igiya kamar kayan amarya. Yini guda na yi. Da aka tsayar da ita a gefen ramin, bayan na datse busasshen kan, iya kafaɗata take.

Isma'il ne ya ɗauke ta, wani ɗan Hausawan Chadi mai a-kori-kura da ke kai kayan miya. Mu huɗu muka ɗora ta. Na hau baya na zauna kusa da ita ina riƙe da rassan kada iska ta karya. Muka bi ta gefen Muzdalifa, ba lokacin Hajji ba, filin fayau ba kowa, sai fitilu a tsaye da wuraren ajiye bas. Nan na buga masa jikin mota ya tsaya, don daga nan gaba ba wurina ba ne. Na sauka na zagayo ta taga.

"Kada su binne mata wuya. Inda ƙasa ta tsaya a nan, nan za ta tsaya a can."

"Ka faɗa, Baba."

"Kuma kada kowa ya kusance ta da toka."

"Baba, sau huɗu ke nan. Wa zai ba itace toka in ba kai ba?"

Ya ja mota. Na tsaya har na daina hango rassan, sannan na juyo da ƙafa.

Duktur bai kore ni ba, kada ku ɗauki alhakinsa. Amma ya cike ramin, ya shimfiɗa ciyawar roba a filin duka. Wata biyu ina share roba ina cin abincin mutane, na ga abin ba mutunci. Muka tattara muka koma Ka'akiyya, ɗaki ɗaya da fanka, nan da kuke zaune a ƙofarsa. Na koma yawon gidaje da jakata, ina waiwaye kamar da.

Shekara ta biyu da tafiyarta, Isma'il ya zo yana washe baki ya ce ta yi fure, fari fat, har masu wucewa na tsayawa. Bayan wata biyar ya kawo mini 'ya'yanta guda tara a cikin robar yogot. Na zauna na fasa ɗaya. Ɓawon da ɗaci da ɗan tsakuwa-tsakuwa, cikin kuwa laushi, zaƙi kamar gwandar da ta nuna sosai. Rabi ta tsotsi ɗaya ta ce, "Wannan ne duk abin? Ai gara magarya." Na ce ki ba ni nawa in ba kya so. Hawaye ya zo mini, ban ɓoye ba, na cinye sauran bakwai ɗin ni kaɗai.

To yanzu ga aikinku na farko, tunda kuna son sana'ar. Kai Mu'azu, kai ne dogo a cikinku, kuma ubanka ya yi maka takarda. Ranar Asabar Isma'il zai hau da kaya, ka bi shi. Ka tona gindinta da yatsa ka ga ko sun tara mata ƙasa a wuya. Ka duba tsagar nan ta wajen yamma ko ta haɗe. Sannan ka tsaya a jikinta ka miƙa hannu sama iya ƙarfinka, ka dawo ka gaya mini ko ka taɓo kanta. Isma'il gajere ne, kuma duk abin da na tambaye shi sai ya ce masha Allah. Shekara shida ke nan ban san tsawonta ba.